Bakaniken Babur a Dantchiao: Kowane Nauyi da Shokozobarsa

A Dantchiao, kamar sauran garuruwan kudancin Damagaram da ke dab da iyakar Najeriya, babur ya gaji aikin jaki ya haɗa da na mota. Shi ke kai buhun gero da wake kasuwa, shi ke ɗauko jarkoki, shi ke garzayawa da marar lafiya Magarya cikin dare. Hanyoyin ƙauyuka yawanci rairayi ne, inda aka zuba burji kuma gargada ta cinye. Don haka rumfar bakanike ba ta rabuwa da jama'a. Cikin ayyukan da ake kawo masa kuwa, wanda nake ganin ya fi nuna gwaninta shi ne zaɓar shokozobar baya ga mutum mai jiki ko mai lodi.

Baburan da ake hawa a wannan yanki, irin su Haojue na ƙasar Sin da Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, an auna ƙarfin bayansu ne da matsakaicin mutum da fasinja guda. Idan ƙaƙƙarfan magidanci ya hau, ya ɗora buhu mai kilo 100 a kariya, lissafin kamfani ya rushe. Bayan babur zai zauna, fitila ta koma haska sama, taya ta riƙa gogar madigadi, kowane rami kuma mahayi ya ji shi har ƙashin bayansa.

Abu biyu ne a jikin shokozoba, kuma bakaniken kirki ba ya haɗa su a magana. Sifirin ɗin da ke naɗe a waje shi ke ɗaukar nauyi. Man da ke cikin bututu, wanda ke kurɗawa ta 'yan ƙananan kafofi duk lokacin da sandar ciki ta motsa, shi ke hana sifirin yin tsalle. Shi ya sa kafin bakanike ya taɓa sifana sai ya danna kariya da ƙarfi ya saki. In bayan ya taso sau ɗaya ya tsaya, mai na aiki. In ya yi ta lilo, ko ya ga danshin mai da ƙura sun daskare a sandar, to ciki ya mutu, ko da sifirin na ƙyalli.

Daga nan sai awo. Yakan ɗaga babur har tayar baya ta bar ƙasa, ya auna da zare daga kusar taya zuwa wani wuri a ƙarƙashin sirdi, sannan ya sauke, mai babur ya hau, a sake aunawa. Abin da ake so shi ne nauyin mahayi ya cinye kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokozoba, ko ƙasa da haka kaɗan, saura ya zama na ramuka. A nan ake buƙatar iya baki. Ba a ce wa dattijo ya yi nauyi. Abin da za ka ji shi ne: "Alhaji, bismilla, hau mu ga yadda yake ɗaukar ka." Sai kuma tambayoyi: "Kana goyon iyali a kai? Wace hanya ka fi bi, ta Dungas ko ta Magarya? Ranar kasuwa me kake ɗorawa?" Amsoshin nan su ne rabin aikin, domin babur iri ɗaya a hannun malamin makaranta da a hannun ɗan kabu-kabu ba abu ɗaya yake bukata ba.

Wani lokaci ma ba sai an sayi komai ba. A gindin yawancin shokozobobin nan akwai zobe mai matakai, galibi biyar, wanda in aka murɗa shi zai ɗaga bayan babur. Mutane da yawa sun shekara suna hawa ba su san da shi ba. Sai dai zoben ba ya ƙara wa sifirin tauri, tsayi kawai yake maidowa. Idan an kai shi matakin ƙarshe babur bai daina zama ba, lokacin canji ya yi.

Taurin sifirin yana cikin kaurin ƙarfensa da yawan naɗinsa. Bambancin da ido ke rainawa babba ne: in girman naɗi da yawansa ɗaya ne, ƙarfe mai kaurin milimita 8 ya fi mai milimita 7 tauri da kusan kashi 70 cikin 100. Akwai kuma mai sifirin biyu, ƙarami cikin babba, irin wanda ake gani a jikin Boxer, kuma masu lodi na son sa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na ɗaukar cewa mafi tauri shi ne mafi kyau. Mai babur kan zo ya ce a sa masa "mai ƙarfin duka", wani ma ya je wajen mai walda a ƙara masa shokozoba biyu su zama huɗu. Da lodi abin kan yi daɗi. Amma ranar da ya hau shi kaɗai, taya ba ta kama ƙasa a gargada, tsalle take yi, birki ya rage ci, dukan da ya kamata sifirin ya shanye kuma ya koma kan wayoyin taya da jikin babur da bayan mahayi. Bakaniken da ya iya cewa "Alhaji, wannan ta fi ƙarfin aikinka" alhali ita ce mai riba, shi ne wanda ya cancanci a miƙa masa ɗa koyo.

Tsawo ma sai an kula. Ana auna tsohuwar daga ido zuwa ido, wato kafofin da kusoshi ke shiga, a nemo daidai ita, don in ta fi tsawo za ta ɗaga baya, ta canza jan sarƙa, ta sa kan babur rawa. Biyun ake canzawa tare, da sababbin robobi a idanu, kuma ba a ƙarasa ɗaure kusoshi sai babur ya tsaya da tayoyinsa.

Yawancin kayan gyara daga Najeriya suke shigowa, musamman Kano, ta kasuwannin iyaka irin ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, kuma farashinsu na bin naira. Lokacin da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, kaya sun yi tsada, gyaran tsohuwa ya fi sayen sabuwa yawa. Jabu kuwa ba ta yankewa. Kwali ba ya faɗin gaskiya, saboda haka gwani kan ɗaga ta ya ji nauyinta, ya duba walda a idanu, ya danna ya ga ko a hankali take dawowa.

Yaran rumfa da wankin kaya a fetur da miƙo sifana suke farawa, kuma kwance shokozoba na cikin abin da suke saurin iyawa, tunda kusoshi huɗu ne. Zaɓen ne ke ɗaukar shekaru. Haka ma sanin abin da za a gaya wa mai babur kafin ya tafi: a ƙara wa tayar baya iska daidai lodi, a ɗaure wayoyinta, a duba birki, domin sabuwar shokozoba ba ta gyara shi, sannan ya dawo bayan mako a sake duba kusoshin.