Litirim: gundumar da yunwa ta watse

A ƙasashen Turai akwai wani tsibiri da ake kira Ailan, yamma da Ingila. A arewa maso yammacinsa akwai wata ƙaramar gunduma, sunanta Litirim. Ta taɓa bakin teku, amma kaɗan: gaɓarta ba ta kai kilomita 5 ba. Duk cikin gundumomin Ailan masu gaɓa, babu wadda tata ta kai wannan gajarta.

Wani babban tabki, Alan, ya raba gundumar biyu. Arewa duwatsu ne da tuddai. Kudu ƙananan tuddai ne da tabkuna masu yawa. Gulbin Shanon, wanda ya fi kowane gulbi tsawo a Ailan, ya ratsa ta. Babban garinta, Karik, yana bakin gulbin.

Ruwan sama ba ya yankewa can, ba su san fari ba. Amma ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, hatsi ba ya son ta sosai. A da, gonaki na manyan masu ƙasa ne, talaka haya yake yi. Abin da ya noma na saidawa, kuɗin haya ke cinye shi. Cimakar iyalinsa kuwa abu guda ce: dankalin turawa, safe da maraice.

A shekara ta 1841 an ƙidaya mutum dubu 155 a Litirim. A 1845 wata cuta ta faɗa ma dankali, ya riƙa ruɓewa cikin ƙasa. Cutar ta yi ta dawowa shekara bayan shekara. Mutane ba su da wani abin ci a ajiye, ba su da kuɗin saye. Yunwa da zazzaɓi suka kashe jama'a da yawa. A Ailan duka, wajen mutum miliyan guda suka mutu, wasu miliyan guda suka shiga jiragen ruwa, suka tafi Amurka da Kanada da Ingila. A 1851 mutanen Litirim sun koma dubu 112.

Yunwa ta wuce, amma tafiya ba ta tsaya ba. Wanda ya tafi sai ya aiko ma ƙanensa kuɗin jirgi. Samari suka yi ta ficewa, aka bar tsofaffi da kangaye. A 1996 saura mutum dubu 25 kawai.

Daga baya abin ya fara gyaruwa. Mutanen suna kiwon shanu da tumaki, suna dasa itatuwa, suna karɓar baƙi masu yawon gulbi. A 2022 sun kai dubu 35. Duk da haka ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kakanninsu ba.

Labarin Litirim gargaɗi ne. Gidan da ya dogara ga shuka iri guda, ba rumbun tsimi, shekara ɗaya maras kyau ta isa ta tarwatsa shi. Garin da samarinsa suka watse kuwa, sake cika shi sai an daɗe.