Mudu Ɗaya Ga Kowa: Daidaita Awon Sakamako A Binciken Tayar Da Naƙuda

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwa ya san ba a gane mai araha tsakanin 'yan kasuwa biyu sai in mudunsu ɗaya ne. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana damun masu binciken hanyoyin tayar da naƙuda.

Tayar da naƙuda shi ne a sa mai ciki ta fara naƙuda ta hanyar dabarun asibiti kafin ta zo da kanta. Akan yi haka idan ciki ya zarce lokacinsa, ko faya ta fashe amma naƙuda ta ƙi zuwa, ko hawan jini ya zama barazana ga uwa da abin da ke cikinta. Daga cikin hanyoyin akwai ruwan naƙuda na oksitosin, da ƙwayar misoprostol, da wata siririyar roba mai balan-balan a bakinta, wadda ake zurawa a bakin mahaifa a cika ta da ruwa don ta buɗe shi sannu a hankali.

To, wace hanya ce ta fi? Amsar ta danganta da abin da aka auna. Alal misali, a 2016 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, inda aka kwatanta misoprostol na sha da robar nan. Babban ma'auninsu shi ne ƙarancin iska ga jariri ko zubar jini mai yawa ga uwa, kuma suka tarar hanyoyin biyu kusan ɗaya suke. A 2017 kuma aka buga wani gwajin da aka yi a Nagpur ta Indiya a kan mata masu hawan jini. Su babban ma'auninsu shi ne haihuwa ba tiyata cikin awa 24, kuma a nan misoprostol ne ya yi gaba. Kowanne ya yi aikinsa da kyau, sai dai kowa da mudunsa.

Illar wannan tana fitowa ne idan masana suka zo haɗa gwaje-gwaje masu yawa don fitar da hukunci guda, domin abin da wannan ya auna wancan bai auna ba. Har ila yau, mai bincike na iya bayyana sakamakon da ya yi masa daɗi ya yi shiru a kan sauran.

Don magance haka aka kafa shirin COMET a Ingila a 2010, sannan a 2014 editocin mujallun lafiyar mata suka ƙaddamar da shirin CROWN. A 2018 mujallar BJOG ta buga jerin abubuwa 28 da aka amince kowane gwajin tayar da naƙuda ya auna ya kuma bayyana. Likitocin mata da na jarirai da ungozomomi da wakilan mata ne suka tace su ta hanyar zagayen tambayoyi, kafin su zauna su cim ma matsaya.

Jerin ya ƙunshi mutuwar uwa ko jariri, zubar jini, fashewar mahaifa, yadda aka haihu, tsawon lokaci daga tayar da naƙuda zuwa haihuwa, da nakasar da ka iya bayyana ga yaro daga baya. Abin lura shi ne an sa gamsuwar ita uwar, da ciwon damuwa bayan haihuwa. Ba a hana mai bincike ƙara nasa ba. Waɗannan su ne mafi ƙarancin abin da ake bukata.

Amfanin wannan aiki zai iso har ɗakunan haihuwarmu. Oksitosin yana bukatar ajiya a wuri mai sanyi, abin da ke da wuya inda wutar lantarki ba ta tsayawa, alhali misoprostol ya fi jure zafi. Likitan da zai zaɓar wa mai jijjiga ko hawan jini hanya yana bukatar hujja tsayayya, ita kuwa ba ta samuwa sai masu bincike, har da na jami'o'inmu, sun auna da mudu ɗaya.