Madubin gudu: na'urar auna saurin mota mai aiki da hasken rana, da saƙon da take ba direba

1. Abin da ya kawo maganar

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Maraɗi da Tasawa har Damagaram, ba ta kauce wa garuruwa. Tsakiyarsu take ratsawa. A wurare kamar Galmi ko Gidan Runji, kwalta ɗaya ce ga motar da ta yi awa biyu tana gudu cikin daji, da amalanken jaki, da mai talla, da ƴan lakwal. A cikin wannan ɗan rubutu za mu yi bayanin wata na'ura da a faransanci ake kira radar pédagogique, mu duba yadda take aiki, sannan mu tsaya kan abin da ya fi shafar masu nazarin harshe, wato saƙon da take nunawa.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 kowane sakan. Mai gudun 80 tana cin mita 22. Idan yaro ya faɗo hanya, direba na bukatar wajen sakan guda kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Nisan da birki ke ci kuwa, in gudu ya ninka biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. A kan busasshiyar kwalta, da birki mai kyau, mota ta farko za ta tsaya bayan kimanin mita 28, ta biyu sai ta yi mita 57. A daidai wurin da ta farko ta tsaya cik, ta biyu tana bisa gudun da ya zarce kilomita 70. Hukumar lafiya ta duniya (OMS) ta ƙiyasta cewa duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake rasa rai da kusan kashi 4 cikin ɗari. Rahotonta na 2023 ya ba da mutum miliyan 1.19 da ke mutuwa kan hanya kowace shekara, kuma yankin Afirka ne abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a.

2. Yadda take aiki

Kowa ya lura cewa ƙarar motar da ke tahowa tana da amo sama, da ta wuce sai amon ya faɗi, kamar yadda karin sauti ke sauka a kalmar mota kanta. Christian Doppler, mutumin Ostiriya, shi ya yi bayanin wannan a 1842. Na'urar tana aika igiyar rediyo, galibi wajen gigahaz 24. Igiyar ta bugi mota ta komo da ɗan canji, kimanin haz 45 ga kowane kilomita guda a awa. Daga wannan canji ake fitar da adadin da ke bayyana kan allo, da tsanwa idan direba na cikin ƙa'ida, da ja idan ya wuce. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta rubuta lambar mota, ba ta cin tarar kowa. Nan ta bambanta da waɗanda Faransa ta fara kafawa a 2003 don cin tara. Irin tamu ta yaɗu can daga 2011.

Wutar da take ci kaɗan ce: faifan sola guda da batiri sun ishe ta dare da rana, ba sai an jawo waya ba. Rana kuwa ba mu rasa ta ba, kuma aikin ba baƙo ba ne a ƙasar da Abdou Moumouni ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana tun 1969. Matsalar tana wani wuri. Ƙurar hunturu na rufe faifan, zafin watan Afrilu da Mayu na gajarta ran batiri, kuma batiri da faifai kaya ne da ke da masu saye a kasuwa.

3. Suna da saƙo

Idan aka ari kalmar aka rubuta rada, ƙugiya guda ce ta raba ta da raɗa, kuma a kunnen direba ta riga ta ɗauki warin jandarma da takardar tara. Hausa na da ƙirar sunan kayan aiki mai ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i: mabuɗi, ma'auni, madubi. Ma'aunin gudu daidai ne, amma ya fi dacewa da agogon da ke gaban direba cikin mota. Mu dai mun fi son madubin gudu, domin aikin na'urar ke nan: ta nuna wa mutum abin da yake yi, a bainar jama'a, ta bar shi da kunyarsa. Ga direban da agogon motarsa ya daɗe da mutuwa, ita ce ma kaɗai mai gaya masa gaskiyar gudunsa.

To amma madubi sai mai iya duba shi. Lambobi ba su da wuya, wayar salula ta koya wa kowa su. Sai dai adadi shi kaɗai ba umurni ba ne: 68 ba ya cewa komi sai an san iyakar 50 ce, don haka dole iyakar ta kasance a rubuce kan allon, kusa da adadin. Launi da ƴar fuskar nan mai murmushi ko ɗaure fuska su suka fi saurin isa, kuma Bazabarme, Bafillace da Buzu duk ɗaya suke karanta su.

Saura kalmomi. Na'urorin da aka ƙera don kasuwar Faransa suna zuwa da RALENTIR da MERCI. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa hausa ta zama harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki, saboda haka tambayar abin da za a sa a madadinsu ta taso da kanta. SANNU ba ta yi ba: gaisuwa ce, jaje ce, kuma direba zai iya ɗauka maraba ake yi masa. RAGE GUDU harafi takwas ce kamar RALENTIR, ba ta da harafi mai ƙugiya da zai gagari allon, amma umurni ne kai tsaye, irin wanda babba ke ba yaro. A RAGE GUDU ta ƙara harafi guda ta kawar da wannan: ba ta nuna namiji ko mace, ba ta nuna ɗaya ko jam'i, kuma ita ce siffar da mai shela ke amfani da ita. Wajen godiya, MADALLA ta fi NA GODE, don ba a san wa ke cewa "na" ba.

Binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna ragin da ake samu ƴan kilomita ne a awa, kusa da allon, kuma yakan dushe idan an ɗauke shi. Wannan kaɗan ɗin ba abin rainawa ba ne, lissafin da muka yi a sama ya nuna haka. Amma bai isa a ce na'urar ta maye gurbin tudun rage gudu a ƙofar lakwal ba. Akwai kuma samarin kabu-kabu da za su iya maida allon filin gasa, shi ya sa ake saita shi ya daina nuna adadi in gudu ya wuce wani mizani, ja kawai ya rinƙa ƙiftawa. Yawancin na'urorin suna ajiye ƙidayar motocin da suka wuce da gudunsu awa bayan awa. Magajin garin da ke riƙe da wannan ƙidaya zai iya nuna wa masu aikin hanya, da alƙaluma, ko ranar kasuwa ce ko bayan magariba motoci suka fi keta garinsa a guje.