Kirsimeti a Damagaram: Tsakanin Majami'a da Kasuwar Dole

Da Disamba ta kama, hunturu ya sauko Damagaram, uwar gida Kirista takan fara lissafi tun kafin limamin majami'a ya fara wa'azin haihuwar Almasihu: turmin atamfa nawa, kaji nawa, takalman yara, kuɗin tela. A Kasuwar Dole za ta tarar da hular Baba Kirsimeti, ja mai bakin auduga, an rataye ta kusa da fitilu 'yan Sin masu ƙyalƙyali. Yaro na ganinta ya kafe, sai an saya.

Kiristocin garin ba su da yawa. A Nijar baki ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, duk da cewa 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasar. Amma sun daɗe a nan. A Zinder, wato Damagaram, mishan ɗin SIM ya fara aiki a Nijar a 1924, shekara biyu kafin Faransawa su mai da babban birni Yamai. 'Yan Katolika kuwa suna ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wanda aka kafa a 2001.

Abin da ke ci wa fastoci da dattawan ikilisiya tuwo a ƙwarya shi ne, wanda ake bikin dominsa a komin dabbobi aka kwantar da shi, makiyaya ne suka fara zuwa gaishe shi, amma yau mai ƙaramin albashi sai ya ci bashi don kada a ga 'ya'yansa da tsohon ɗinki. Anko ya fi kowa laifi. Ƙungiyar mata ta fitar da nata zanen, 'yan waƙa su fitar da nasu, dangi ma haka. Wata ma takan ƙi zuwa sujada ranar, don kunyar ba ta yi ankon ba. Janairu na shigowa kuma ga kuɗin makaranta.

Kukan ba sabo ba ne. A Disambar 1951, a birnin Dijon na Faransa, an ƙone mutum-mutumin Baba Kirsimeti a ƙofar babbar majami'a da yardar limamai, saboda a ganinsu ya ƙwace wa Yesu bikinsa. Shi kansa wannan tsoho mai jan kaya, tallan Coca-Cola daga 1931 ya taimaka wajen yaɗa kamanninsa a duniya. A Disambar 2022 ma Fafaroma Francis ya roƙi mabiyansa su rage tsadar kyaututtuka, su aika wa mutanen Yukren rarar.

Sai dai ba duk kashe kuɗi ne almubazzaranci ba, kuma a nan Damagaram ta bambanta da Turai. Kwanon shinkafa da nama da ake aika wa maƙwabci Musulmi, wanda shi ma ya aiko da naman Layya, ba ya cikin abin da ake kuka da shi. Tun ranar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Zinder a tarzomar zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, wannan kwano ya ƙara nauyi. Magidanta da yawa kuma suna kai wa Musulmi kajinsu ya yanka, don maƙwabci ya ci ba tare da ɗar-ɗar ba.