YANAR IDO: MAKANTA MAI MAGANI

A ƙauyuka da yawa akwai tsofaffi da ke zaune a zaure, sai da ɗan jagora suke fita. Jama'a kan ce tsufa ne kawai. Alhali sau da yawa yanar ido ce, kuma ana warkar da ita.

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan abu garau kamar gilashi. Ta cikinsa haske ke wucewa mutum ya gani. Idan shekaru suka ja, yakan yi fari. Mutum sai ya riƙa gani kamar cikin hazo, har ganin ya ɗauke. Wannan ita ce yana. Tun da a ciki take, kwalli ko maganin ɗigawa ba sa cire ta.

A da, likita kan cire abin da ya yi farin, ya ba mutum tabarau mai kauri. In tabarau ya fashe, gani ya tafi.

Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya kawo canji. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya duba matuƙan jiragen sama da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu. Ya lura ido bai ƙi robar ba. Saboda haka a 1949, a birnin Landan, ya fara aikin sa wa mai yana ɗan gilashin roba a gurbin wanda aka cire. Da farko likitoci sun yi ta suka. Sai da aka yi shekaru ana bincike da gyara kafin aka amince. A 1992 aka buɗe masana'antarsa a Madurai ta ƙasar Indiya, kuɗinsa ya sauko ƙwarai.

Yau aikin bai cika wuce rabin awa ba. Ana kashe zafin idon, mutum yana farke. Galibi washegari ake buɗe idon. Gilashin yana zama a ciki har ƙarshen rayuwa.

Daga 2005 zuwa 2007 an binciki idanun 'yan shekara 40 zuwa sama a faɗin Nijeriya. An gano yana ce ta makantar da 4 cikin kowane makafi 10. An kuma duba idanun da masu aikin gargajiya suka tura wa yana ciki da tsinke. Cikin kowane 10, 7 a makance aka same su. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Don haka duk mai tsoho da ganinsa ke dushewa ya kai shi asibiti. Akwai Asibitin Ido na Ƙasa a Kaduna, da na ECWA a Kano. Ba kowace makanta ce yana ba, likita ne zai tantance. Bayan aiki a sa magani yadda aka ce, kada a murza idon, a kuma koma ranar da likita ya sa.