Motar Haibirid: Me Ya Sa Shan Manta a Titi Yake Bambanta da Na Takarda?

Tun da kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan cikin Disamban 1997, babban abin da ake tallata motocin haibirid da shi shi ne ƙarancin shan mai. A Najeriya ba su cika jan hankali ba sai bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da kowane mai mota ya fara lissafin lita kafin ya tayar da inji. Sai dai da yawa daga masu irin wannan mota, a ko'ina suke a duniya, sukan tarar ba ta ba su adadin kilomitar da aka rubuta a takarda. Wasu su zargi kamfani, wasu su ce batir ya mutu. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a fahimci daga ina sauƙin man yake fitowa.

Haibirid tana da injin fetur, da injin lantarki ɗaya ko biyu, da kuma batir. Amma irin wadda ba a jona ta da wutar gida, duk ƙarfin da ke tafiyar da ita daga fetur ɗin tankinta yake zuwa, har da wutar da ke cikin batir. Aikinta shi ne rage ɓarna. Injin mota na yau da kullum yana zubar da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da ya ƙona, ko ma fiye, ta hanyar zafi da hayaƙi. Haibirid tana toshe wannan ɓarna ta hanyoyi uku.

Ta farko, da zarar ta tsaya a danja ko cikin cunkoso sai injin fetur ya mutu da kansa, ba ya tsayawa yana silo yana ƙona mai a banza. Ta biyu, idan direba ya sassauta totur ko ya taka birki a hankali, injin lantarki yakan juye ya zama janareto, ya karɓi ƙarfin gudun motar ya mayar da shi wuta cikin batir. A motar da muka saba da ita, wannan ƙarfi zafi kawai yake zama a wajen birki. Ta uku, ana sa mata injin da ke aiki bisa tsarin da injiniyan Ingila James Atkinson ya ƙirƙiro a shekarun 1880. Irin wannan inji yana cin moriyar mai sosai amma ba shi da ƙarfin fizga, sai injin lantarki ya cike masa giɓin lokacin tashi. Toyota ta ce injin Prius ɗin da ta fitar a 2015 yana amfana da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin man da ya ƙona.

Batir ɗin kansa ƙarami ne. Na Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 bai wuce kilowat-awa 1.3 ba, kuma kwamfutar motar ba ta bari ya cika maƙil ko ya ƙare ƙaf, don ya daɗe. Shi ya sa tafiya da wuta zalla ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu. Misalinsa kamar duro ne da aka ajiye a ƙarƙashin indararo: yana tara abin da zai zube a ƙasa, amma idan ruwan ya sauko da ƙarfi lokaci guda, sai ya yi ambaliya. Haka birkin gaggawa yake. Batir ba zai iya karɓar wuta mai yawa cikin daƙiƙa biyu ba, don haka birkin da ke matse taya ne zai ɗauki sauran, ƙarfin kuma ya tafi ke nan.

Wannan ne ya sa haibirid ta fi nuna gwanintarta a cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa, saɓanin sauran motoci da suka fi sauƙin mai a doguwar tafiya. Wanda ya hau hanyar Kano zuwa Zariya ya ɗora allura a kan 130, babu tsayawa babu birki, injin fetur ne ke yin kusan dukan aikin, batir ya zama kaya kawai. Ga kuma iska. Turjiyar iska ba ta tafiya daidai da gudu, ninkuwa take yi: daga kilomita 80 zuwa 120 a awa, takan ƙaru fiye da ninki biyu. Babu fasahar da ke dawo da man da aka ƙona wajen keta iska.

To, alƙaluman takarda fa, daga ina suke? Ba a kan titi ake samo su ba. A ɗakin gwaji ake ɗora mota a kan na'ura mai juya taya, a bi wani tsararren jadawalin gudu da tsayawa. A Amurka hukumar kare muhalli ta EPA ce ke kula da wannan. A tsohon gwajinta, an ba Prius ƙirar 2004 zuwa 2007 mil 55 a galan, wato sama da kilomita 23 a lita. Da hukumar ta sabunta gwajin daga motocin 2008, ta shigar da gudu mai yawa, da sanyi, da kunna esi, sai lissafin wannan motar dai ya sauko zuwa mil 46, kimanin kilomita 19 da rabi a lita. Kamfanin Ford ma ya fitar da C-Max Hybrid da alƙawarin mil 47 a galan. Bayan koken masu saye, ya rage zuwa 43 a 2013, ya sake ragewa zuwa 40 a 2014, har ya biya su diyya. A Turai an sauya tsohon gwajin NEDC da na WLTP daga Satumban 2017 saboda irin wannan giɓi. A kuma lura cewa galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5, don haka mota ɗaya za ta iya ɗaukar lambobi biyu daban.

Giɓin ya fi faɗi a haibirid ɗin da ake jonawa da wuta, masu babban batir. Rahoton da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 ya nuna hayaƙin da suke fitarwa a titi ya ninka na gwaji kusan sau uku da rabi, domin masu su ba sa yi musu caji yadda aka zata. Duk wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ya yi tunani sosai kafin ya sayi irinsu.

Yanayi ma yana da nasa rabon. A ƙasashen sanyi, inji yakan daɗe yana aiki don ya ɗumama kansa da mutanen ciki, kuma ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce shan man haibirid kan lalace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsananin sanyi. A wajenmu zafi ne da ƙura. Esi daga batir yake jan wuta, don haka a cunkoson watan Afrilu za ka ji inji yana ta tashi don ya cika batir alhali motar tana tsaye. Shi kuma batir akwai fankar da ke sanyaya shi, wadda ke jan iska ta wata ƙofa a kusa da kujerar baya. Ƙurar hunturu ko kayan fasinja na toshe ta, batir ya ɗauki zafi, kwamfuta ta rage amfani da shi, shan mai ya hau. Ƙari a kan haka, yawancin motocin haibirid da ke shigowa kasuwanninmu 'yan Kwatano ne da suka shekara goma ko fiye, batirinsu ya riga ya rage ƙarfi.

Mai son gyara ya fara da awo. Kada ka dogara da lambar da ke fitowa a allon gaban direba kaɗai, takan yi wa motar kara. Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi harkokinka, sannan ka sake cikawa. Idan ka yi kilomita 400 ta ɗauki lita 22, kana samun 18 a lita ke nan. Ka maimaita wasu lokuta kafin ka yarda da sakamakon.

Sai tuƙi, wanda shi ne mafi tasiri. Ka riƙa hangen nesa. Idan ka ga danja ta ba da ja ko layin motoci a gaba, ka ɗaga ƙafa tun da wuri, ka taka birki a hankali na tsawon lokaci. Wajen tashi, ka hau gudun da kake so ba tare da jan jiki ba, sannan ka sassauta totur kaɗan don inji ya samu damar mutuwa. Rarrafe da wuta zalla da gangan ba dabara ba ce, domin duk abin da ka zuƙe daga batir da fetur za a biya shi. Giyar B an yi ta ne don doguwar gangara, irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, kuma amfani da ita a cikin gari asarar wuta ce. A giyar N batir ba ya samun caji, saboda haka a cunkoso ka bar ta a D, idan tsayuwar ta yi tsawo ka sa P. A babbar hanya, rage gudu daga 130 zuwa 100 ya fi kowace dabara amfani. Ka kuma haɗa aikace-aikacenka a fita ɗaya, domin a mintunan farko kafin inji ya yi zafi ne motar ta fi shan mai.

Wajen kula kuwa, a duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba yadda mai faci ya ga dama ba. A zuba baƙin mai marar kauri da kamfani ya ambata, kamar 0W-20 a Prius ƙirar 2010, domin mai kauri yana wahalar da injin da ke tashi yana mutuwa kullum. A riƙa share fankar batir da matatar iska, a sauke kariya da tarkacen but, a nemi inuwa wajen ajiyewa. Kwamfiresar esin waɗannan motoci da wuta take aiki kuma mai na musamman take so, ga wayoyi masu launin ruwan lemo da ke ɗauke da wutar da za ta iya kisa. Don haka ba kowane bakanike ake bai wa aikinta ba.

Ga mai zirga-zirgar cikin gari, musamman ɗan tasi, haibirid mai lafiyayyen batir tana rage kuɗin mai ƙwarai. Ga wanda rayuwarsa doguwar hanya ce da gudu, ribar ba ta da yawa. Duk mai niyyar saye, ya sa a jona motar da kwamfuta a auna lafiyar batir, ya tambayi kuɗin sabo da inda ake samunsa, kafin ya miƙa ko sisi.