Kwamfutar da Ba a Gani: Me Ake Koyo a Kanta Bayan Digiri na Farko?

Mafi yawan kwamfutocin da ke aiki a duniya yau ba su da allo, ba su da madannai, masu amfani da su ma ba su san da zamansu ba. Akwai guda a cikin mitar wutar da ake sa wa kati, ita ke lissafin abin da aka sha, ta yanke wuta idan kuɗi ya ƙare. Akwai a injin POS, akwai a inbata, akwai a na'urar da ke daidaita cajin batirin sola. Motar zamani kuwa gommai take ɗauke da su, wata na auna man da ke shiga inji, wata na kula da birki. Su ne kwamfutocin da ake dasawa cikin na'ura, kowacce da aikinta guda, kuma ana so ta yi shi shekara da shekaru ba tare da wani ya tsaya a kanta ba.

Ɗaliban injiniya da yawa sun ɗanɗani wannan fanni a furojet ɗinsu na ajin ƙarshe. A sayo allon Arduino, a haɗa wayoyi, a kwafo manhaja daga intanet, famfon ban-ruwa ya kunna kansa idan ƙasa ta bushe, malamai su yaba. Wannan mafari ne mai kyau, amma da sauran rina a kaba. Na'urar da ta yi aiki sau ɗaya a gaban masu jarrabawa daban take da wadda za a iya rantsewa cewa za ta yi aiki kullum, a kan lokaci, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu, da ɗan ƙaramin batir. Cike wannan giɓin shi ne aikin digiri na biyu da na digirgir a wannan fanni.

Darasi na farko shi ne lokaci. Idan kwamfutar ofis ta yi jinkirin daƙiƙa biyu, tsaki kawai za ka yi. Idan wadda ke buɗe jakar iskar mota ta yi jinkirin ƙiftawar ido, rai ne zai salwanta. A nan, amsar da ta zo a makare ɗaya take da amsar da ba daidai ba. Shi ya sa ake koyar da lissafin rabon lokaci tsakanin ayyuka. A 1973 wasu masana biyu, Liu da Layland, suka tabbatar da cewa idan ayyukan da ke maimaituwa ba su dogara da juna ba, aka kuma fifita wanda ya fi saurin dawowa, to babu wanda zai makara muddin jimillarsu ba ta wuce kusan kashi 69 cikin 100 na lokacin ƙwaƙwalwar kwamfutar ba.

To idan ayyukan suna rabon kaya fa? Abin da ya sami na'urar Pathfinder ke nan, wadda hukumar NASA ta Amurka ta saukar a duniyar Mars a watan Yulin 1997. 'Yan kwanaki da sauka, kwamfutarta ta fara mutuwa tana tashi da kanta. Ashe wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ne ke riƙe da wani makulli na manhaja da babban aiki ke buƙata, sai wasu matsakaitan ayyuka su karɓe lokacin ƙwaƙwalwar kafin ƙaramin ya saki makullin. Kamar maigida ne ya tsaya a ƙofa yana jiran makullin da ke aljihun autansa, su kuwa yayyen yaron sun tsare shi da aike-aike. Da mai gadin da ke cikin manhajar ya ga babban aiki ya makara, sai ya sake tayar da komai. Injiniyoyi suka maimaita matsalar a kan tagwayen na'urar da ke ɗakin gwajinsu, suka aika gyara daga nan duniya: duk ƙaramin aikin da ya riƙe makullin da babba ke jira, a ara masa matsayin babban har ya saki. Wannan dabara ba ranar aka ƙirƙiro ta ba, tun 1990 masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon suka wallafa ta. Ga amfanin binciken jami'a a fili.

Darasi na biyu shi ne tabbaci. A ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Turai ta Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, domin an ɗauko manhajar Ariane 4 an dasa mata, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa. Saboda irin wannan ne ake koya wa ɗalibi hanyoyin tabbatar da ingancin manhaja da lissafi, ba da gwaji kaɗai ba. Sauran darussan sun haɗa da zana ƙwaƙwalwar kanta, da rubuta manhaja da harshen C, da tattalin wuta, da yadda na'urori ke magana da juna, da tsare su daga masu kutse.

Ina ake wannan karatu? A Turai akwai shirin EMECS na shekara biyu ƙarƙashin tsarin Erasmus Mundus, wanda jami'o'in Kaiserslautern a Jamus, Trondheim a Norway da Southampton a Ingila suka kafa, inda ɗalibi kan yi shekara guda a wata jami'a, ta biyu a wata. Jami'ar KTH da ke Stockholm da ta Eindhoven a Holan su ma sun yi suna. A Afirka, Jami'ar Ruwanda na da cibiyar ACEIoT a Kigali, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya, tana ba da digiri na biyu a wannan fanni. A gida, ana shiga ta sassa irin na injiniyan kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma hukumomi irin su PTDF da TETFund kan ɗauki nauyin karatun gaba da digiri, kowacce da sharuɗɗanta.

Mai niyya ya shirya tun yanzu. Ya ƙware a harshen C, ya gyara lissafinsa, ya saba da karanta takardar bayanin ƙwaƙwalwa mai ɗaruruwan shafuka ba tare da gajiya ba. Kafin ya biya kuɗin fom, ya bincika: akwai ɗakin gwaji da kayan awo da ɗalibi zai taɓa da hannunsa? Malaman sashen suna wallafa bincike a fannin? Ana haɗa aikin kundin digiri da masana'antu? Shirin da duk karatunsa a allo ya tsaya, takardar shaida kawai zai bayar.

Batun kundin ma ba sai an yi nisa ba. Yawancin mitoci da inbatocin da muke amfani da su a wasu ƙasashe aka zana su, mu kuwa zafinmu kan haura digiri 40, wutarmu tana hawa tana sauka. Duk wanda ya iya ƙera na'urar da za ta jure wannan, ya kuma kawo hujjar awo da lissafi cewa za ta jure, ya sami abin rubuta kundi, ya kuma sami sana'ar da za a neme shi dominta.